Ranar da Na Buɗe Kafar Garka

Yanzu idan na zauna a ƙofar gida da hantsi, abin da kunnena ke ɗaukowa daga fadama kukan inji ne. Wannan ya tashi, wancan ya amsa, samari na jan tiyo suna zagin juna. Ba na cewa inji mugun abu ne, ni ma 'ya'yana da shi suke ban ruwa, kuma bayan nan nawa da ya sha jigo ya san wahalar da aka ɗauke musu. Amma a zamaninmu fadamar nan wata murya gare ta dabam. Jigo ya yi ƙara in ya sunkuya, ya yi wata in ya ɗago, sai ka ji ruwa ya zuba a magudana ya kama hanyarsa. Daga ƙarar kaɗai muna gane jigon wa ke aiki, da wanda mai shi ya zame ya zauna shan taba. Kwaɗi na nasu, zalɓe na tsaye gefen ruwa ba ya kula kowa, mata na ratsowa da ƙoren fura a ka, kowace ta tsaya nesa ta ce a gaya wa mai jigon can an kawo, don ba mai kama sunan miji. Duk wanda ya yi wannan zamani yakan ce ya yi kewarsa. Ni ma na yi, sai dai kewata a haɗe take da wani abu da na daɗe ina haɗiyewa.

Fadamar gandu ce ta wani babban mutum, gadon kakanninsa, a gefen gulbi tsakanin Bungudu da Gusau. Maigida muke ce masa, kuma mu gidaje ne da yawa da ke zaune a ƙarƙashinsa, muna yi masa aiki, kowa kuma da 'yan fangalinsa na kansa. Ƙarfin gandun duka wani tafki ne. Da damina gulbi ya cika ya malalo ya shiga cikinsa, in ya janye sai wata ganuwar laka da kakanni suka gina ta riƙe ruwan. Ganuwar nan tana da ƙofofin ruwa biyu, mu kafa muke ce musu. Kafar gabas ita ke sakin ruwa zuwa garka, inda ake albasa da tattasai da alkama. Kafar yamma kuma tana buɗewa cikin wani shimfiɗaɗɗen fili da ake kira Kwarin Shanu, wanda fartanya ba ta taɓa shigarsa ba. Duk ranar Alhamis da safe a buɗe masa ruwa ya bazu a kan ciyawa, iyakarsa idon sawu, kafin azahar a toshe. Shi ya sa a tsakiyar bazara, lokacin da ko'ina ya ƙone, kwarin nan kore yake shar da burugu da kiri-kiri. Sai Fulani su gangaro daga wajen duwatsun Tsafe da shanunsu, su yi wata biyu, da rana shanu a kwari, in sun ƙoshi a kwantar da su a gonakin tudu su bar mana taki. Ba wanda ya san ranar da aka fara haka.

A tsakiyar tafkin akwai turken ƙirya mai sara uku. Ruwa na raguwa, sara na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na uku ya fito, an gama da garka ke nan, a toshe kafar gabas sai wata shekara, abin da ya rage na ciyawa ne da dabba. Kuma doka ce da kowa ya sani tun yana goye: wanda ya buɗe kafar garka bayan sara na uku ya fito, ya tattara iyalinsa ya bar gandu. Ba a roƙo, ba a biko.

Mai kula da ruwan nan Baba Nomau ne, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ubana ya rasu ina tatata. Ɗan siriri ne, ba ya da yawan magana, in ka yi masa doguwar tambaya sai ya dube ka ya ci gaba da abin da yake yi. Shi ke buɗewa, shi ke toshewa, kuma toshe kafa a wurinsa ba aikin gaggawa ba ne. Sai an ɗebo baƙar laka daga gindin tafki, an cuɗa ta da saiwar ciyawa, an tattake har ta yi danƙo. A sa kashi ɗaya a danne da diddige, a jira ta sha iska, a ƙara wani. Yana iya cinye rabin yini a kan ramin da bai fi ƙwaryar tuwo ba. In na yi tsaki sai ya ce, "Ruwa ba ya gajiya, kai ke gajiya. Danna." Game da turke kuwa, kullum maganarsa ɗaya ce, wai ruwan da ke ƙasan sara na uku ba namu ba ne, ajiya aka ba mu. Ina jin maganar tana shiga nan tana fita nan.

Shekarar da abin ya faru ni ango ne, matata da ƙaramin ciki, kuma a karo na farko an yanka mini fangali nawa na kaina. Maimakon in tsaya in dasa albasa tare da mutane, sai na raka wani ɗan'uwanmu Gusau da kaya, wai kwana biyu. Kwana biyun nan ya zama kusan wata. Ina Sabon Gari ina kallon jirgin ƙasa da manyan motoci, ina shan shayi da burodi, ina ganin kaina wayayye. Da na dawo albasar kowa ta yi tsawon yatsa, ni sannan nake neman iri. Baba ya zo ya tsaya a kaina ina dashe.

"Wagga albasa ba ta riskar ruwa," ya ce. "Ka sa kuɓewa, ta fi sauri."

Na ce masa kuɓewa ai shukar tsofaffin mata ce.

Abin da ya faɗa kuwa shi ya faru. Sara na uku ya fito albasata tana fara ƙwai. Baba ya toshe kafar garka da hannunsa, mutane suka cire tasu albasar suka shanya, ni tawa na tsaye tana laushi, bakin ganye na rawaya. Abokaina in sun wuce sai su ce, "Na Sabon Gari, ina labarin jirgi?" Surukina ya zo daga Rawayya ya ga fangalin, ya yi gyaran murya, ya koma maganar farashin gero. Wannan gyaran muryar ta fi komai cin raina. A daidai lokacin ne kurkunu ya fito wa Baba a idon sawu, ya kwantar da shi, har ya zama ba ya iya taka ƙasa. Sai ya kira ni ya ce in riƙa buɗe wa Kwarin Shanu ruwa ranar Alhamis har ya tashi. Duk gandun, ni ya zaɓa.

Ranar Alhamis na yi aikin yadda ya kamata. Washegari Juma'a, maza duka suka kama hanyar Bungudu salla, don a lokacin can ne kaɗai masallacin Juma'a. Na ce wa abokan tafiya su yi gaba, cikina ke murɗa. Da ƙurarsu ta ɓace na ɗauki fartanya na nufi kafar garka. Ba shaiɗan zan ɗora wa ba, da hankalina na je. Na ce wa raina ɗan kaɗan ne, tafki guda ba zai ji ruwan fangali ɗaya ba. Na huda toshiyar Baba, huda kamar faɗin tafin hannu, ruwa ya bi magudana, na hau jigo ina ja kamar mahaukaci. Wallahi a idona albasar nan ta ɗago kai. Ina cikin jin daɗi na dubi inuwa, na ga in ban tashi ba salla za ta wuce ni, kuma za a tambaya ina na tsaya. Cuɗa laka da saiwa yadda aka koya mini zai kai ni la'asar. Sai na tura busasshiyar ƙasa da rairayi a ramin, na shafe bayansa da ɗanyar laka, na goge da tafin hannu har ya yi sumul kamar aikin Baba. Na yi gudu har Bungudu, na samu raka'ar ƙarshe, na tsaya a sahu da laka a ƙarƙashin farce.

Muna dawowa bayan la'asar, tun daga tudu muka ji wata ƙara irin ta damina, alhali sama wasai. Kafar da na huda ta zama gibi, raƙumi da kaya zai wuce ta ciki. Ruwa ya ratsa garka, ya kwashe magudanai da kakanni suka tsara, ya tumɓuke jigo uku, ya wuce gulbi. Albasar da na yi abin dominta ko ganye ɗaya ban gani ba. Maza suka faɗa da karan dawa da buhunan ƙasa, ina cikinsu, na fi kowa ihu da ba da umurni. Kafin a ci ƙarfinsa turken ƙirya na tsaye tsirara har gindi. Yara kuwa murna suke, suna kamun tarwaɗa a taɓo da hannu.

Aka ɗauko Baba a kan jaki. Ya sa aka sauke shi a bakin gibin, ya zauna, ya miƙa hannu ya ɗebo abin da ya rage manne a gefe. Ya murza shi a yatsu, ya zube masa warwar, ba saiwa ko ɗaya a ciki. Ya ɗago ido bai dubi kowa ba sai ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Ya goge hannunsa a gefen riga ya ce a mai da shi gida.

Da safe Maigida ya tara mu a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Baba ya girme shi nesa ba kusa ba, amma haka ya durƙusa a gabansa, sawun nan a kumbure, kurkunu naɗe a jikin tsinke. Ina tsaye bayansa, ina ganin ƙeyarsa.

"Nomau," in ji Maigida, "buɗe ta aka yi, ko ita ta ci? In buɗewa ne, ka san doka, ka faɗi mai shi."

A nan ne ya kamata in yi magana. Bakina ya buɗe, na tuna matata da cikinta, na tuna ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa a wajen gandun nan, na tuna gyaran muryar surukina. Na mai da bakin na rufe.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya buɗe," in ji Baba. "Ni na toshe ta, ban danne da kyau ba. Hannu ya tsufa."

Mutane suka yi ta guna-guni. Wani ya ce dama an daɗe ana gani, tsohon ya fara mantuwa. Wani ya ce riƙon aiki har mutuwa shi ke kawo haka. Mutanen da shekara da shekaru Baba ke raba musu ruwa ba wanda ya taɓa kuka da shi. Maigida ya ce tun da kuskure ne ba za a kore shi ba, amma ya huta da aikin ruwa. Ya waiga ya ce, "Wa ya koya a hannunsa?" Aka nuno ni. Aka ce ai jiya ma ni na fi kowa ƙoƙari a bakin gibi. Na durƙusa kusa da Baba na ce na gode.

Bayan kwana biyar Malam Jaɓɓi ya iso. Shi ne babban makiyayan da ke zuwa mana, abokin Baba tun suna samari. Shanunsa sun yi kwana uku a hanya, sun san wurin, tun daga burtali suka fara sauri suna kuka. Suka faɗa tafki suka tarar da taɓo. Wata tsohuwar saniya ta kafe har ciki, sai da igiya aka jawo ta. Ciyawar kwari tana nan da sauran kore, amma duk mai ido ya san ba za ta kai mako biyu ba. Malam Jaɓɓi ya daɗe tsaye, sanda a wuya, sannan ya tambayi gidan Baba kamar bai san hanya ba. Ina zaure ya shigo. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi sawu, ya yi addu'a. Ya kwance wata 'yar ƙwarya ta man shanu, wadda yake kawo wa Baba duk shekara, ya ajiye a gabansa.

"Nomau, da ka aiko mini," ya ce. "Da ban taso da maruƙa ba."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Jaɓɓi."

Suka juya da shanu suka nufi arewa neman ruwa. Daga baya muka ji maruƙa da yawa ba su kai ba. Wasu Fulani sun ci gaba da zuwa a shekarun baya, amma Malam Jaɓɓi bai sake taka gandun ba. Man shanun nan Baba bai ɗanɗana ba, ya ce a kai wa matata, mai ciki ta fi buƙata. Ta yi mana miya da shi, na ci.

Tun daga lokacin suna ya bi shi. Yara suka fara, manya suka ɗauka, Nomau Fasa-tafki. Gidansa ya zama Gidan Fasa-tafki. Ni kuwa na gyara ganuwa, na riƙe ruwan gandu har gashina ya yi fari, kuma ban sake toshe kafa da gaggawa ba ko sau ɗaya. Mutane na yabona a gabansa, su ce hannun yaro ya fi na tsoho, ni in yi murmushi in ce ai albarkarsa ce. Da ya warke yakan zo ya zauna kan ganuwa yana kallona ina aiki, ba ya gyara mini sai na tambaya. Sau ɗaya na yi yunƙurin yi masa maganar, a ciwonsa na ajali. Na zauna gefen tabarma na ce, "Baba, ranar nan ta Juma'a." Ya ɗaga hannu ya ce, "Tashi ka dubo kafar yamma, an ce tana jiƙa." Na tashi na tafi, kuma Allah ya sani da sauƙin zuciya na tafi, don an rufe mini baki ban wahala ba.

Yanzu gandu ya watse. Magada sun raba, wasu sun sayar. Inji ya zo, kowa ya jefa tiyonsa a gulbi, ba mai jiran rabon kowa. Tafki ya cike da yashi, masu bulo na ɗiba. Kwarin Shanu an nome shi tumatur, burtali ya zama gona, kuma hanyar Tsafe da muke bi a ƙafa ba fargaba, yau mutum sai ya yi tambaya kafin ya kama ta. Duk abin da Baba ya tsare ya tafi, sai sunan nan kaɗai ya ƙi tafiya. Kwanan baya ina kan babur daga kasuwa, na ji wata mata na ce wa mai babur ɗinta ya sauke ta Gidan Fasa-tafki, kuma bai tambayi ina ne ba. Jikan Baba malamin makaranta ne, mutum kamili, shi ma da sunan ake kiransa, yana amsawa da fara'a. Ranar da na ji matar nan ban iya cin tuwo ba.

Na ɗauki sanda na tafi wurin Yaya Hajo, 'yar Baba ta fari, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma harshe na nan. Na zauna na zayyana mata komai, tun daga murɗar cikin ƙarya har rairayin da na tura. Tana ɓarar gyaɗa, ba ta tsaya ba.

"To mi kake so in ce?" ta ce. "Ni na sani. Ranar ina kai wa Inna itace na hango ka kan jigo. Na gaya wa Baba, ya ce in na sake faɗi bai yafe mini ba."

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

"Ni mi ka yi mini? A gaban jama'a ya durƙusa. Kai kuma a ɗaki za ka wanke shi?"

Juma'ar da ta biyo, a masallacin garinmu, don yanzu muna da namu, ana sallamewa na miƙe na roƙi liman ya ba ni minti biyu. Na riƙe abin magana. Na ce ni na buɗe kafar garka, ni na fasa tafki, Nomau bai taɓa yin kuskure a aikinsa ba, ƙarya ya yi don kada a kore ni, kuma na ci amanarsa na karɓi aikinsa. Ina magana sahun baya na watsewa, ana tada babura. Liman, yaro ne sa'an jikana, ya ce Allah ya gafarta mana baki ɗaya, aka ce amin. Wani saurayi kusa da ni ya taɓa na gefensa ya ce, "Wane tafki ke nan?" Jikan Baba ya zo ya kama hannuna, ya juyo mini takalmi, ya ce kada in damu kaina, ai suna ne kawai, shi ko a jikinsa.

Daga masallaci ban biya gida ba, na wuce wurin Yaya Hajo. Na ce mata na faɗa, a gaban kowa, da abin magana.

"Wa ya ji?" ta ce.

Na ce masallaci cike yake.

"Ba shi na tambaye ka ba. Cikin waɗanda ke gindin tsamiya ranar da ya durƙusa, wa ya ji?"

Na fara lissafa su da yatsu, tun daga Maigida. Na bi su gida gida, har da waɗanda suka yi guna-guni, har da wanda ya nuno ni. Na kai ƙarshe na sake farowa, ko na tsallake wani. Ban tsallake kowa ba, duk suna maƙabarta.